Fadar Damagaram ko Gidan Makama: Ina Mutumin Dakoro Zai Fara Zuwa?

Idan kaka ta yi, an ɗaure dammunan gero, an kai wake kasuwa, sanyi ya fara sauka, shi ne lokacin da mutumin Dakoro yake samun sararin tafiyar ganin ido. Sauran tafiye-tafiyen shekara na fatauci ne, ko na asibiti, ko na gaisuwar rasuwa. Irin wannan tafiya ba ta cika samuwa ba, guzurinta kuma ba ya isa a yi ta sau biyu. Don haka magidancin da ke son nuna wa ƴaƴansa wani tsohon gida mai tarihi, ko malamin makarantar da ya tara kuɗin mota don ɗalibansa, dole ya zaɓa. Gidaje biyu ne suka fi cancanta a ɗora a ma'auni: fadar Sarkin Damagaram a Zinder, da Gidan Makama a Kano. Dukansu ginin ƙasa ne, dukansu na sarauta, nisansu daga Dakoro kuma kusan ɗaya. Amma abin da mutum zai samo a wannan ba shi zai samo a wancan ba.

Yaran Dakoro sun fi na wasu garuruwa buƙatar wannan tafiya. Garin sabo ne idan aka gwada shi da biranen ƙasar Hausa, domin a shekarun 1940 ya fara girma a kewayen ofishin Turawan Faransa, kasuwar dabbobi ta ƙara masa jama'a. Yaron da ya tashi a nan, gini mafi tsufa da ya sani shi ne ofis ko shagon kasuwa. Alhali ga Birnin Lalle nan kusa, inda Gobirawa suka kafa gadon sarautarsu bayan sun baro Asbin. Sunan yana nan, garin yana nan, amma fadar sarakunan wancan zamani ba ta tsaye, domin ginin ƙasa ba ya jiran wanda ya bar shi. Wanda ke son ɗansa ya ga yadda kakanninmu suke gina gidan mulki, sai ya hau mota.

Da farko hanyar ɗaya ce. A biyo kudu ta Kornaka da Sabon Mashi, kusan kilomita 120, har Maraɗi. A nan take rabuwa. Mai zuwa Damagaram ya yi gabas a kan babbar hanyar ƙasa, ya ratsa Caduwa, Agye, Gazawa, Tasawa da Takeita, wajen kilomita 240. Mai zuwa Kano ya yi kudu ta Ɗan Isa, ya ƙetare iyaka ya faɗa Jibiya, ya isa Katsina bayan kusan kilomita 90 daga Maraɗi, sannan ya ƙara wajen 170 kafin ya hango Dala da Gwauron Dutse. A lissafin kilomita ratar ba ta kai a yi gardama a kanta ba. A lissafin wahala ne ake ganin bambanci.

Hanyar Kano tana da iyaka a tsakiyarta, iyakar nan kuwa ba kullum take a buɗe ba. Najeriya ta rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. An sake rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. A Janairun 2025 kuma Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar CEDEAO. Wanda zai ɗauki yara dole ya tanadi takardun kowa, malamin da ya ɗauko ƴaƴan mutane kuma ya riƙe shaidar yardar iyayensu. Ga shingayen jandarma da duwan a wannan gefe, ga na kwastan da ƴan sanda a wancan. Ga canjin sefa zuwa naira, ga layin waya da zai iya ɗaukewa. Abin da ya fi duka nauyi shi ne ƴan bindigar da suka addabi yankin Jibiya da dazuzzukan bakin iyaka shekara da shekaru. Ba a bin wannan hanya da dare, ba a kuma kama ta sai an tambayi direbobin tasha halin da take ciki a safiyar ranar. Hanyar Damagaram ba ta da wannan lissafi. Katin ɗan ƙasa ya isa, jikkar da ke aljihunka a Dakoro ita ce za ka kashe a Zinder, motocin kamfani kuma suna tashi daga Maraɗi kullum.

Kowace hanya tana da nata darasi tun kafin a isa. A hanyar gabas, bayan Tasawa akwai Maijirgi, inda kaburburan Voulet da Chanoine suke, hafsoshin Faransa biyu da suka ƙone Birnin Ƙonni suka bi ƙauyukan Hausa da kisa a 1899, har sojojinsu suka juya suka kashe su a watan Yulin shekarar. Dab da Zinder akwai Tirmini, inda a ƙarshen wannan wata dakarun Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga suka tari ragowar rundunar, bindigar Turawa ta rinjaye su. Yaron da aka tsaya da shi a wuraren nan biyu zai shiga fada yana sane da yadda mulkinta ya karye. A hanyar kudu kuwa darasin na zumunci ne. Sarakunan Haɓe na Katsina da jihadi ya kora a 1807 su ne zuriyarsu ta kafa sarautar Maraɗi, don haka mai barin Maraɗi ya shiga Katsina gidan kakanni ya koma. Zai ga hasumiyar Gobarau, ya wuce ta ƙofar Gidan Korau. Zai kuma ga aikin layin dogo mai kilomita 284 da aka ƙaddamar a 2021 don haɗa Kano da Maraɗi.

Ta fuskar shekaru, Gidan Makama ya girmi fadar Damagaram nesa ba kusa ba. Tarihin Kano yana danganta shi da Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, wanda ya gina fadar da har yau ake kira Gidan Rumfa, ya kafa kasuwar Kurmi, ya sauki Shehu Magili. Lokacin da Turawan Ingila suka ci Kano a Fabrairun 1903 sun yi amfani da gidan a matsayin ofis. Daga baya aka raba shi uku: wani sashe ya zama gidan tarihi a ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta Najeriya, wani ya zama makaranta, wani ya zauna a hannun Makaman Kano. Damagaram kuwa daula ce ta baya-baya. A farkon ƙarni na 19 Sarki Sulaiman ya mai da gadon sarauta Zinder, fadar kuma ta ɗauki siffar da aka san ta da ita a tsakiyar ƙarnin. Sarkin da ya ɗaga ta shi ne Tanimun, wanda ya yi mulki fiye da shekara talatin ya rasu a 1884. Shi ya ƙarfafa ganuwar Birni, ya sa maƙera suna zuba igwa a cikin gari, ya buɗe ciniki da Tarabulus ta hanyar Sahara. Damagaram ba ta bi Sakkwato ba, Barno take kai wa gaisuwa, shi ya sa sarautun fadar suke da ƙamshin Barebari. A ƙarshen shekarun 1890 ma dakarun Kuran Daga sun kai yaƙi har cikin ƙasar Kano zamanin Sarki Alu. Ƙasa da shekara huɗu ke tsakanin faɗuwar biranen biyu a hannun Turawa.

Amma shekaru ba su ne babban bambanci ba. Babban bambancin shi ne fadar Damagaram gida ce da ake kwana a cikinta, Gidan Makama kuwa, sashen da baƙo ke shiga, gida ne da ake buɗewa da safe a kulle da yamma. Faransawa sun tuɓe Sarkin Damagaram Amadu ɗan Basa a 1906 bisa zargin shirya tawaye, suka kai shi Kwaddibuwa, sarauta ba ta dawo ba sai 1923. Sun mai da Zinder hedkwatar Nijar daga 1911 har 1926 da suka koma Yamai. Duk da haka fadar ba ta zama kufai ba. Har yau sarki yana ciki da iyalinsa da bayin sarki da fadawa. Har yau talaka yana kawo ƙarar gona ko ta gado ko ta aure ya zauna a zaure yana jiran a kira shi.

Wannan yana canza yadda ake shiga. A ƙofar fada dogari ne zai tare ka, da jar rigarsa da rawaninsa. Ka yi sallama, ka faɗi daga inda ka fito da abin da ya kawo ka. Kafin ka taka inda ake zama ka tuɓe takalmi. Idan ka haɗu da mai sarauta ka rusuna ka ce ranka ya daɗe, idan aka ambaci sarki ka ce Allah ya ja zamaninsa. Ba ka ɗaga waya ka ɗauki hoto sai ka nemi izini, inda aka ce ka tsaya kuma nan za ka tsaya, domin bayan wannan ƙofa matan gida ne. Yaron da ya ga mahaifinsa, wanda ake girmamawa a unguwarsu a Dakoro, ya cire takalmi ya sassauta murya a gaban dogari, ya koyi abin da babu allon bayanin da zai koya masa. Idan aka dace da Juma'a, zai ji kakaki da algaita, ya ga sarki ya fito zuwa masallaci a tsakiyar fadawansa. A Gidan Makama kuwa kuɗin shiga za ka biya, ma'aikaci ya zagaya da kai ɗaki bayan ɗaki. Ba ka jiran izinin kowa, ba a kuma tambayarka ɗan wane ne kai. Bambancin kamar na ganin hatsi a gona ne da ganinsa a rumbu: a gona za ka ga yadda yake rayuwa, a rumbu kuma za ka iya auna shi ka san yawansa.

Aunawar nan ita ce ƙarfin Gidan Makama, kuma ba ƙaramin abu ba ne. An jera tarihin Kano daki-daki, daga mazauna Dala zuwa sarakunan Haɓe, zuwa jihadi, zuwa zuwan Turawa. Akwai sulke da lifidi da takubba, akwai kayan kiɗa, akwai kayan saƙa da rini da ƙira, akwai ɗakin amarya da jerensa irin na da, akwai hotunan farkon mulkin mallaka. Abin da ya fi kama ido shi ne ƙyauren tsoffin ƙofofin gari da aka adana. Ka tsaya gaban ɗaya ka duba: faya-fayan ƙarfe ne maƙeri ya buga da hannu, ya jera su ɗaya kan ɗaya, ya ɗaure da ƙusoshi masu kauri, kowace ƙusa da irin kanta. Daga nan mutum yake gane cewa ganuwa ba ado ba ce, cewa akwai lokacin da ake rufe birni da magariba, wanda ya makara ya kwana a waje. Rubutun bayanin da Ingilishi yake, yaron da ya yi karatu da Faransanci ba zai karanta ba, amma masu zagayawa da baƙi Hausa suke yi, kuma matambayi ba ya ɓata. Yarinya ma tana da damar tsayawa ta yi tambaya yadda ɗan'uwanta zai yi, abin da kunyar fada takan hana.

Kowane gida kuma yana da abin da yake rufewa. A fada labarin masu gida za ka ji. Za a gaya maka jaruntar Tanimun da igwoginsa, za a gaya maka yadda Kuran Daga ya sa aka kashe Kyaftin Cazemajou na Faransa a 1898. Ba lalle a gaya maka cewa wani kaso na arzikin da ya gina wannan daula daga farautar bayi da sayar da su ya fito ba, ko cewa ƙauyukan da aka ci da yaƙi suna da nasu labarin. Wannan aikin uba ne ko malami ya cike shi, kuma masanin tarihi André Salifou, ɗan Zinder, ya rubuta littafi guda a kan Damagaram ta ƙarni na 19 wanda malami zai iya dubawa kafin tafiya. A gidan tarihi kuwa abin da ya ɓace shi ne amfani. Tambarin da ke bayan gilashi ba ya ƙara, lifidin ba ya kan doki, zauren babu mai jiran shari'a a cikinsa. Yaro zai iya fita da tunanin cewa duk wannan abin da ne, ya wuce, alhali fadar Kano tana nan tsallaken fili tana aiki.

Ginin kansa darasi ɗaya yake bayarwa a wuraren biyu, kuma ya kamata a tsaya a kansa. Idan kun shiga zaure, ku sa yara su ɗaga kai. Za su ga azara, wato giginyar da aka tsaga, an jera ta a rufi, domin gara ba ta cika cinta ba. Za su ga bakan gizo ya taso daga bango ya tanƙwara ya haɗu da ɗan'uwansa a tsakiya, shi ya riƙe rufin ba tare da ginshiƙi ba. Ku sa su auna kaurin bangon da hannu a bakin ƙofa, su ji sanyin da ke ciki alhali rana na dukan waje. Tubali ne aka mulmula da hannu, aka shanya, aka jera, aka yaɓe, aka shafe da makuba don ruwa ya zame. A waje ku nuna musu zanko a kan kusurwa da indararo mai zubar da ruwan rufi nesa da gindin bango. Yaron da ya saba da bulo da kwano, wanda ɗakinsu ke zama tanda a watan Afrilu, zai gane cewa maginan da sun san ƙasarsu. A wannan fage Zinder ta ɗara, domin darasin bai tsaya a fada ba. Unguwar Birni gaba ɗaya tana cike da gidaje masu zane a fuska, a tsakanin manyan duwatsu, a Zango kuma akwai tsoffin gidajen fatake. A 2006 Nijar ta sa Birni da fadar a jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su. Kano ita ma tana da Kurmi da marinar Ƙofar Mata da Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna lokacin da ya buɗe makarantar boko a 1909, amma suna warwatse cikin cunkoson babban birni, kowanne sai an hau abin hawa.

Akwai kuma maganar lokaci, wadda ita ce ta fi damuna. Ginin ƙasa yana rayuwa ne da hannun mutane. Kowace shekara sai an duba rufi kafin ruwa ya sauka, an toshe tsaga, an sabunta yaɓe. A Jenne ta ƙasar Mali gari guda ke fitowa rana ɗaya a yaɓe babban masallaci, shi ya sa yake tsaye. Inda aka yi sakaci, ko ruwa ya fi ƙarfin gyara, asara ce wadda ba ta dawowa. A Agustan 2023 wani sashe na masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu na shekarun 1830, ya rufta a kan masallata. A Satumban 2024 mamakon ruwa ya rushe tsohon masallacin Birni a Zinder, wanda aka gina tsakiyar ƙarni na 19. Wanda ya ce bari sai baɗi zai je ya gan shi, yanzu sai dai a nuna masa hoto. Gidan Makama yana da hukuma da ma'aikata masu albashi da ke kula da shi. Gidajen Birni kuwa yawancinsu a hannun magada suke, wasu suna da halin gyara, wasu ba su da shi, wasu kuma sun fi son su rushe su zuba siminti.

Idan aka haɗa duka, shawarata ga mutumin Dakoro ita ce ya fara da Damagaram, musamman idan da yara zai tafi. Hanyar ta fi sauƙi da kwanciyar hankali, kuɗin bai wuce na mota da masauki da abinci da ɗan abin da za a ba wanda ya zagaya da ku ba, kuma abin da za a gani yana raye, wani sashensa kuma yana cikin haɗarin ɓacewa. Ya tafi tsakanin Nuwamba da Fabrairu, kafin zafin bazara. Ya ware kwana uku ko huɗu: ɗaya na zuwa tare da tsayawa a Maijirgi da Tirmini, ɗaya ko biyu na fada da Birni da Zango, ɗaya na dawowa. Ya shirya yadda Juma'a za ta same shi a can, amma ya shiga fada a wata ranar daban, lokacin da fadawa ke da sukunin yi masa bayani. Ranar Sallah ta kallon hawa ce, ba ta duba gini ba. Ya sa wa yara tufafin kirki, ya koya musu gaisuwa tun daga gida, ya riƙe ruwan sha, domin Zinder gari ne da ya daɗe yana fama da ƙarancin ruwa.

Kano kuma ta zama tafiya ta biyu, lokacin da yaran suka ƙara hankali, hanya ta yi lafiya, takardu suka cika. A sa'an nan Gidan Makama zai fi yi musu amfani, domin za su shiga da abin gwadawa a zuciyarsu. Wanda ya taɓa ganin dogari a bakin aiki zai gane rigar dogarin da aka rataye. Wanda ya ji labarin yaƙin Kano da Damagaram daga bakin Damagarawa zai so ya ji yadda Kanawa suke ba da shi, daga nan kuma zai fara fahimtar cewa tarihi yana da baki fiye da ɗaya. Gani ya kori ji, amma ganin ma yana da tsari: a fara da gidan da mutanensa ke ciki, sannan a je wanda aka adana kayansa. Wanda Allah ya hore wa kuɗin mota bana, kada ya ɗaga tafiyar zuwa bayan wata damina.